Sunan da Uwarsa Ta Raɗa Masa

A sito ɗin da nake aiki a Madinar Masana'antu, wato yankin kamfanoni na birnin da muke zaune a ƙasar Larabawa, akwai wani direban mota mai ɗaga kaya, ɗan Filifin, mutum ne mai fara'a da son tuwo. Ranar da ya ce zai musulunta, ma'aikata suka yi masa caa, kowa da sunan da yake so a ba shi. Har musu aka yi, kamar su suka haife shi. Shi kuwa sai fara'ar nan tasa ta tafi.

Ranar Juma'a na kai shi gidanmu a unguwar Kurayyat cin abinci. Mahaifiyata, wadda ba a ɓoye mata damuwa, ta ga yana juya loma bai ci ba, ta sa ni na tambaye shi. Ya ce Musulunci ya shiga ransa, halas, wannan magana ta ƙare, amma rabuwa da sunansa ke yi masa ciwo, don shi kaɗai ya rage masa daga uwarsa da ta rasu.

Sunan shi ne Donato. Ya bayyana mana cewa asalinsa Latin ne, Italiyawa da Sifaniyawa suna sa wa 'ya'yansu maza, Sifaniyawa ne kuma suka kai shi ƙasarsu. Ma'anarsa wanda aka bayar, wato baiwa daga Allah. Uwarsa ta binne 'ya'ya kafin shi, shi ne ya tsaya.

Da na fassara, tsohuwa ta ajiye ludayi tana dariya har da ƙwalla.

"Ashe Kyauta ne," in ji ta. "Mu ma haka muke kiran wanda ya zo bayan an daɗe ana jira. Wa ya ce ka yar da shi?"

Ba ta tsaya nan ba, ta tasa mu gaba zuwa wurin limamin unguwa. Liman ya saurara, ya ce suna mai kyakkyawar ma'ana ba dole a canza shi ba. Daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa.

Muka dawo, tuwo ya huce, aka ɗumama. Tsohuwar da har yau ba ta iya faɗin sunan kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takardun zama, daidai ba ta zauna tana maimaita na baƙon a hankali, sai da ya zauna mata a baki. Sannan ta tura masa kwano.

"Donato, yalla, ci."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce tun rasuwar uwarsa ba wanda ya kira shi cin abinci da wannan suna.