Tsamiyar da Aka Ɗaure Kawu

Har yau in na tuna da allon nan raina ɓaci yake, kuma rabin haushin nawa ne, don ni na rubuta takardar.

A bakin kasuwar ƙauyenmu, tsakanin Faskari da Sabuwa, akwai wata tsamiya. A jikinta aka ɗaure ƙanin mahaifiyata yini guda tun zamanin Turawa, saboda ya tsaya ranar kasuwa ya ce talaka ya daina noma gandun mai gari kyauta. Da ya tsufa, a gindinta yake zama yana tufka igiya yana sayarwa. Duk wanda ya tsaya ciniki sai ya nuna masa inda aka zagaya da tasa igiyar.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, kowa ya haukace da siminti. Ni kuma ina sabon malamin makaranta, kaina na hayaƙi, na rubuta wa manya cewa ya kamata a karrama Kawu. Abin mamaki, suka amsa. Aka kafa kwamiti, aka ba wani ɗan kwangila daga Ƙanƙara aikin kafa allon tunawa.

Mutumin ya zo da awonsa, ya ce dole allo ya tsaya daidai inda abin ya faru, kuma saiwa tana fasa daɓe, don haka sai an sare tsamiyar. Na yi magana har na gaji. Aka ce mini ni da na yi boko bai kamata a ji ina kare itace ba. Kawu ya je da sandarsa ya ce, “Ku bar mani iccen ga, shi ne shaidata.” Suka ce, “Baba, ai kai ake wa gata.” Kwana biyu aka yi ana sara. Matan unguwa suka kwashe itacen girki.

Ranar buɗewa aka zaunar da shi a kujerar ƙarfe kan sabon daɓe, rana tsaka. Allon da Turanci aka rubuta shi, ba mai karantawa sai ni da ɗan kwangila. Aka yi ta jawabi, gumi na bin gemun tsoho. Na sunkuya na ce, “Kawu, in karanta maka?”

Bai ko dubi allon ba. Ya ce, “Bari, ɗana. Waɗanda suka ɗaure ni ma sun bar mani inuwa.”

Bai sake kai igiya kasuwa ba.