Kwali Mai Layi Uku a Ƙuba

Mun tashi da asuba daga Makka, mu uku, kwana biyu bayan mun gama Umara. Akwai jirgin ƙasa mai gudun tsiya, amma da muka ji kuɗinsa sai muka tuna mu mutanen bas ne tun asali. Abokan tafiyata, wato maƙwabcina na kasuwa da wani ɗan Damagaram da muka haɗu da shi a masauki, ziyara kaɗai ta kai su Madina. Ni kuwa har da saƙo. Matata haifaffiyar Madina ce, mahaifinta yana can a unguwar Ƙuba. Wata huɗu ke nan da rasuwar amininsa, kuma tun daga ranar ba ya fita sai masallaci, abinci ma sai an yi da gaske yake kai loma biyu. Ranar da zan bar gida cewa ta yi, "Ka ga Baba da idonka. In da yadda za ka yi ya saki jiki, ka yi." Na ce to, alhali ban san ta inda mutum zai fara lallashin surukinsa ba.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, har na ji kewar ramukanmu na gida, don su ne ke hana fasinja gyangyaɗi. Dama da hagu duwatsu ne baƙaƙe kamar an ƙone su, sai raƙuma nan da can. A wani wuri muka tarar da birai zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu burodi, ko gezau ba sa yi don mota. Mun ya da zango a wani gidan mai, muka karya da gurasarsu mai faɗi da ake kira tamis da dafaffen wake. Shayi riyal biyu ne ƙaramin kofi, ɗan Damagaram ya ce a garinsu da wannan kuɗin har mai shayin zai raka ka gida.

Kafin azahar muka shiga Madina. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba da na tsaya na yi sallama ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na yi kuka, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Washegari ƙanin matata, Faisal, ya zo ya ɗauke mu a motarsa. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake mayar da amsa. Ka ce masa "Ina kwana", ya ce "Alhamdulillah, kef halak". Muka yi nafila a masallacin Ƙuba, sannan muka ratsa ta gefen tsofaffin gonakin dabino da gidajen bene suka kusa cinyewa, har ƙofar gida.

Kakan Baba ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Da na hango Baba na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya amsa, ya tambayi 'yarsa da yara. Ya rame ƙwarai. Aka kawo gahawa da dabino, bai taɓa ba.

Ni tela ne, kuma matata kan ce ina da tambaya kamar alƙali. A kan tebur kusa da Baba na hango wani ɗan katako mai ƙananan ramuka jere a layi biyu, da 'yan tsinkayen ƙarfe a tsaye cikinsu. Da muka fito tsakar gida na tambayi Faisal. Da Larabcinsa da Hausata muka haɗa labarin. Wasan karta ne, sunansa kiribeji. Baba ya koya a wurin wani Bature injiniya da ya yi wa direba a Yanbu da ƙuruciya. Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa. Mutum biyu ke yi: kowa a ba shi karta shida, ya ware biyu a ajiye gefe, su zama na mai rabo, wato mai raba kartar, abin da Baba ke kira rumbu. Sai a riƙa saukar da karta ana haɗa lissafi har talatin da ɗaya. Wanda ya cika sha biyar ya ci maki biyu, ya matsar da tsinkensa gaba. Shekara da shekaru Baba da amininsa Salihu suna yi tsakanin la'asar da magariba. Ranar ƙarshe kiran salla ya katse su, Salihu ya ce gobe sa ƙarasa, goben da bai gani ba. Tsinkayen suna nan inda suka bar su. Faisal ya taɓa cewa zai zauna su yi, Baba ya ce kujerar da ke gabansa tana da mai ita.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni dai ba zan zauna gaba da gaba da surukina ba, balle in yi ƙoƙarin cinye shi. Amma a sana'armu in riga ta matse ba a yar da ita, buɗa ta ake yi. Na ce wa Faisal, "Dole sai mutum biyu? In mu shida ne fa?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wallahi ma adri," wato bai sani ba.

Na sa ya samo mini kwalin dabino. Da basillar da ba na rabuwa da ita na huda ramuka layi uku, don a yi ƙungiya uku ta mutum bibbiyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Tsinke kuwa ƙayar dabino muka karyo a bayan gida. Faisal ya kira wani maƙwabcinsu, tsohon direban bas wanda iyayensa daga Chadi suka zo, muka zama mu biyar. Bayan la'asar muka shimfiɗa darduma a tsakar gida, daidai inda Baba zai hango mu daga ƙofar ɗakinsa. Da gangan na zaɓi wurin.

Da muka ga karta shida-shida za ta yi yawa, sai muka koma biyar, kowa ya yar da ɗaya. Faisal ne malaminmu, shi ma rabin wasan ya sani. Maƙwabcina ya riƙa ajiye karta da ƙarfi yana neman a ɗauki biyu, ya zaci kartar wot ta gida muke yi. Faisal ya kwashi rumbu yana ƙirga karta biyar, sai muka ji murya daga ƙofa.

"Rumbu huɗu ne."

Baba ya taso da sandarsa, ya tsaya a kanmu yana duban kwalin. "Wa ya huda wannan?"

"Ni ne, Baba," na ce, ido a ƙasa.

"Layinka ya miƙe. Amma wasan kun kashe shi." Ya dubi ɗansa. "Kai kuma ina abokinka?"

"Ma fi, ya abuya," in ji Faisal. Babu.

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a hankali, yana fuskantar Faisal. A wannan zaman wanda ke gabanka ba abokin karawarka ba ne, naka ne, tare kuke ci tare kuke faɗuwa. Ina jin shi ya sa ya iya zama.

Yanzu mun zama shida, in kowa ya yar da ɗaya rumbu zai koma shida. Baba ya shafa gemu ya yi ɗan nazari, ya ce mai rabo da abokinsa a ba su huɗu-huɗu kada su yar da komai, sauran huɗun su cika rumbu. Haka aka yi, ya zauna daram. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda talatin da ɗaya ke cika kafin zagaye ya iso kanka, har wani ya zauna da kartarsa a hannu yana zare ido. Ɗan Damagaram ya ce wannan ai layin tuwon biki ne.

Kwana uku muna komawa. A rana ta uku ni da maƙwabcina muka kusa kai ramin ƙarshe, su Baba suna bayanmu da rami uku. Ina da kartar da za ta cika sha biyar. Kunya ta kama ni, na saukar da wata daban. Da aka buɗe hannu Baba ya gani.

"Malam," ya ce, "Salihu bai taɓa bar mini rami ɗaya ba. Shi ya sa nake kewarsa. Ɗauki kartarka ka sake."

Na sake, muka cinye su. Baba ya yi dariya har da tari. Sai ya ce wa Faisal ya ɗauko masa katakon. Ya dube shi jim kaɗan, ya zare tsinken Salihu da hannunsa, ya miƙa wa ɗansa. "Ƙaya ba ta daɗewa. Riƙe wannan." Bayan magariba aka kawo shinkafa da kaza a babban faranti, Baba ya ci har ya nemi ƙari.

Mun dawo ta Jidda da kwalayen dabino da ƙafafu a kumbure. Na tafi ina tsammanin sai na iya magana kafin in isar da saƙon matata, ga shi duk zamana ban haɗa jimla goma da surukina ba. Abin da na koya shi ne, wurin da mamaci ya bari ba a cike shi, sai dai a faɗaɗa shimfiɗa a ƙara mutane.

Mako guda da dawowata Faisal ya turo bidiyo. Su shida ne a kan darduma, wasu maƙwabta sun cike gurbinmu, kwalina a tsakiya ya fara lanƙwashewa. Faisal ya saukar da karta, ya matsar da tsinken ƙarfe, ya ce da Hausa, "Sha biyar, biyu." Baba ya ce, "Madalla, ɗana." Matata ta karɓe wayar daga hannuna, ta kalla sau uku, tana share hawaye da gefen mayafinta.