Huɗu da Ɗan Kaɗan

Ko na manta hanyar gidanmu, ba zan manta ranar da na ce huɗu alhali idona ya ga kusan biyar ba. Shekarata goma sha huɗu a lokacin, Khartum na zaune lafiya, ni ne dai ba na zama wuri ɗaya.

Babana direba ne. Shekara biyu ya yi yana harhaɗa wata tsohuwar boksi, wato a-kori-kura, a ƙofar gidanmu a Umbadda. Inji daga nan, ƙofa daga can, har maƙwabta na cewa motar ta fi kasuwar Suk al-Shabi tara ƙabilu. So yake ta zama mai keta rairayi, ta je inda kwalta ba ta zuwa. Da farko ba wanda ke gaggawa. Sai saƙo ya zo daga wani ƙauye can yamma cewa yayar Kakata tana kwance, kuma sunan Kaka take ta kira. Motar haya ba ta kaiwa ƙauyen, damina kuma ta kusa rufe hanya. Kullum da safe dai sai Kaka ta fito ta tsaya tana kallon motar, ta koma ciki.

Abu ɗaya ya rage, aksil ɗin baya, ƙarfen nan da ke riƙe ƙafafu biyu, mai tulu a tsakiya da muke kira korona. Baba ya riga ya sa mai kauri a gaba, yana neman abokinsa. Amma kauri kaɗai ba ya isa, dole juyinsu ya zo ɗaya. In ba haka ba, ranar da aka sa dabal, wato ƙafafu huɗu suka fara ja tare, gaba da baya za su kaure da faɗa. Gwajin ba wuya: a zana alli a bakin korona, mutum biyu su kama gefe da gefe su juya sau ɗaya, na uku ya tsuguna a tsakiya ya ƙirga zagayen allin. Namu na gaba huɗu ne da ɗan kaɗan. Ni aka ba ƙirga, don idon Baba ya fara rauni, kuma ni na cika gida da cewa duk ajinmu ba mai kama ƙafata a lissafi.

Kwana uku muna ƙetare gada muna yawo a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota. Rana kuwa, wallahi rabin silifas ɗina har yau yana manne a kwaltar Khartum. Baba ya ga wannan ya ce ya lanƙwashe, ya ga wancan ya ce an yi masa walda an shafe da maiko. Wanda ya yi masa kuma, in na ƙirga, juyi ya ƙi zuwa daidai. Na tsuguna sau nawa, Allah kaɗai ya sani. Har gwiwoyina suka fara gaishe ni da ƙara.

Rana ta uku bayan azahar muka faɗa wurin wani mai tsofaffin ƙarafa, ya jawo mana wani ƙato daga ƙarƙashin tari. “Ya hajj,” in ji shi, “wannan ko giwa ka ɗora masa, tambayarka zai yi ina ’ya’yanta.” Baba ya zagaya shi yana shafawa kamar ragon layya. Rabon da in ga fuskarsa ta sake haka tun kafin saƙon nan.

Shi da mai ƙarafa suka kama suka juya, na zuba ido. Allin ya zagayo sau huɗu, maimakon ya tsaya sai ya ci gaba, ya ci gaba, sai da ya kusa cika na biyar.

“Kam, ya walad?” Baba ya tambaya. Wato nawa ne, yaro.

Na tuna layin da ba mu shiga ba tukuna, na tuna gobe ma haka za mu wuni. Na ce, “Huɗu da ɗan kaɗan.”

“Ka tabbata? Ko a sake?”

“Haba Baba, ni ne fa!”

Mai ƙarafa ya tuntsire da dariya, ya ce a ba injiniya shayi. Na sha, ina gaya wa raina ai bambancin ko juyi ɗaya bai kai ba, ƙarfe zai saba.

Ƙarfe ba ya sabawa. Ranar tafiya, a kan kwalta motar ta tafi lafiya lau, don ƙafafun baya kaɗai ke ja. Kaka na gaba tana jan carbi, ni ina baya a kan kaya ina yi wa jakuna gwalo. Da muka sauka rairayi Baba ya sa dabal, sai motar ta fara fizga kamar an ɗaure akuya biyu da igiya ɗaya. Ya ɗauka yashi ne. Muna hawa ƙasa mai tauri muka ji wani “ƙwas” daga ƙarƙashi, mai ya tsiyayo baƙi ƙirin. Akwatin giyar dabal ya fashe.

Baba ya daɗe a ƙarƙashin motar. Da wani mai babbar mota ya tsaya taimako, suka ɗaga bayan suka tallafe da duwatsu, Baba ya kwance abin da zai kwance, ya miƙo mini alli. “Ƙirga da ƙarfi.”

Na ƙirga. A huɗu na tsaya.

“Ci gaba.”

“Saura kaɗan biyar.”

“Ran nan ma haka ka gani?”

“Haka na gani, Baba.”

Na shirya bayana, amma ko hannu bai ɗaga ba. Ya zauna a ƙasa ya goge fuska da gefen rawaninsa. “Da ka ce ka gaji,” in ji shi, “ai da mun zauna.”

Jan mu aka yi aka mayar da mu gida. Kafin a samu wani aksil da wani akwatin giya, ruwa ya sauka, kwari ya cika, hanya ta rufe. Ana cikin haka aka bugo waya cewa yayar Kaka ta rasu.

Bayan an share makoki na je na durƙusa gaban Kaka. Ta dafa kaina ta ce, “Tashi, ɗan nan. Ajali ba ya jiran mota.” Sannan ta ƙara, kamar ba da ni take ba, “Hannunta kawai na so in riƙe.”

Har yau ina zuƙi ta malle in ana hira, abokaina shaida ne. Amma in aka dogara da idona aka tambaye ni me na gani, abin da na gani nake faɗa, in na gaji in ce na gaji. Na gane ƙaryar da mutum ya yi don ya huta, wani ne ke ɗaukar nauyinta, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba.