Uwar Tsaki, Mai Gyaran Ƙafar Kowa Ban da Tata

Kafin rana ta gama fitowa, ƙanwata ta riga ta isa ɗakin ƙyanƙyasa na gidan gonar da take aiki. Takan buɗe injin, ta kwaso 'yan tsakin da suka fasa ƙwai. Masu tsayuwa a jera su a kwali sai kasuwa. Waɗanda ƙafafunsu suka tale kuwa, ɗaya gabas ɗaya yamma, suna jan ciki, mai gona cewa ya yi a zubar. Ita sai ta zuba su a aljihun rigar aiki ta kawo gida. Shekara da shekaru ke nan, har sunanta ya ɓace, kowa Uwar Tsaki yake ce mata.

Ni na sha wahalar wannan tausayi, don gida ɗaya muke. Kofunan shayin da nake ajiye wa baƙi, babu wanda tsako bai zauna a ciki ba, wai kofi ke tattara masa ƙafafu a ƙarƙashinsa. Sabon tawul ɗina ta shimfiɗa musu, wai santsin takarda ke ƙara tale su. Filastar da na ajiye don yankan wuƙa ta yayyanka siri-siri, tana haɗa ƙafa da ƙafa, ta bar tsakani kamar faɗin yatsa. Ran nan na ɗauko wa surukina kofi, sai kofin ya yi kuka. Har yau bawan Allah leƙawa yake kafin ya sha.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Rabin kajin da ke yawo a layinmu da ciki suka fara tafiya. Matar tela ta shaida, duk ƙwan da take sayarwa na jikokin wata gurguwar kaza ne da ƙanwata ta miƙar ta ba ta kyauta. Uwar Tsaki, ke ce mai tsoma bakin tsako a ruwa da yatsu biyu. Ke ce ba ki taɓa cewa wannan ba zai yi ba.

To ga abin haushin. Tsugunon shekaru a kan siminti ya cinye mata gwiwa, ta kumbura har ta ajiye aiki. Likita ya ce a kwantar da ita a yi aiki, in an ja lokaci ƙafar za ta sandare. Ta ce ba yanzu ba. Ashe ranar da ta yi sallama da gidan gonar ma ba ta dawo hannu rabbana ba, da tsako ta dawo, kuma wai kullum sai an kwance ɗaurin an duba an sake. Wa zai yi?

Na tuna mata maganar da ta ishe mu da ita, cewa ƙafa tun tana ɗanya ake gyara ta. Ta ce ai wannan ta tsaki ce.

Na ce ta bar min shi.

“Yaya, ke da ko ruwa ba ki iya ba shi ba? Shaƙe shi za ki yi.”

“To koya min, uwar iyayi. Ni na yi rainonki ba ki mutu ba.”

Ta koya min tana tsaki, ta kwance ɗaurina ta sake, ta kuma kwancewa, sannan ta yarda aka kai ta.

Yanzu tana asibiti, an yi aiki lafiya. In ta bugo waya ba ta tambayar kowa sai shi. Jiya ya miƙe a kan tawul ɗina, ya yi taku, ya faɗi, ya sake tashi. Da na gaya mata sai ta ce ita ma an tsayar da ita da sanda, amma ya riga ta.

Mun gode, Uwar Tsaki. Allah ya miƙar da ƙafarki yadda kika miƙar da na bayinsa. Ku kuma jama'a, in kun ga mai jan ciki kada ku yi saurin zubarwa, ku ɗaure masa ku jira. Sai dai don Allah kowa ya nemi kofinsa.