Firjin Jini Ya Yi Shiru, Yaya Hajara

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta, kuma ban taɓa jin rashinta kamar a makon nan ba. Babbar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, a gidanmu na unguwar Kwarbai. Ni na bi sana'ar gado, ɗinkin babbar riga. Ita kuwa ta yi karatun gwajin jini, ta ƙare rayuwarta tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a nan cikin birni. Ba zan kama sunan asibitin ba, domin ba faɗa na zo yi ba, kuka na kawo.

A ɗakin nan akwai firjin da ake ajiye jini. Jini ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara, shi ya sa aka yi wa firjin ƙararrawa, wadda za ta kama ihu da zarar sanyin ya kauce daga inda ake so. Yaya ba ta taɓa yarda da ƙararrawar nan ba. Lokaci-lokaci sai ta zaro 'yar wayar da ke jin sanyin firjin, ta tsoma kanta a kofin ruwan ɗumi, ta tsaya tana jira har sai ƙara ta cika ɗakin. Sannan ta sake tsoma ta a ruwan ƙanƙara, don ta ji ko za ta yi kukan sanyi ma. Abokan aikinta har suna suka sa mata, wai mai tsokanar firji.

Ni ma ban bar ta ba. Wata rana na ce, "Yaya, abu yana zaman zamansa lafiya, sai kin sa shi kuka?"

Ta harare ni ta ce, "Kai Sani, firjin nan Bazazzage ne irinka. Ko yana mutuwa ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma gaskiya ta faɗa. Mu mutane ne da aka rene mu a kan "lafiya lau" da "da sauƙi", kuma wanda ya yi shiru muna ɗaukarsa mai kunya ne, ba mai ciwo ba. Ita kanta a ciwon ajalinta, duk wanda ya ce mata ya jiki, da sauƙi take amsa masa.

Yanzu ga inda nake. 'Yata Ummi tana da sikila, kuma jininta irin wanda ake shan wuya kafin a samu ne. Makon jiya ciwon ya tashi, likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ni da ƙanena Lawal muka ba da namu a asibitin nan da Yaya ta yi aiki, aka ajiye, ana jiran zazzaɓinta ya sauka a ƙara mata. Ranar da aka je ɗaukowa, sai aka tarar da ledojin jinin da ɗumi. Batirin sola ya mutu, firjin ya tsaya, ƙararrawar ba ta ce uffan ba.

Ma'aikacin da ya gaya mini bai iya haɗa ido da ni ba. "Malam, wallahi ba ta yi ƙara ba, mun ɗauka lafiya." Na tambaye shi yaushe rabon da a gwada ta. Ya dubi abokin aikinsa, shi ma ya dubi ƙasa. An zubar da jinin, kuma na gode musu da ba su ɓoye ba suka ɗura wa 'yata. Amma ni da Lawal ba za a sake ɗiban namu ba sai bayan watanni, Ummi kuwa ba ta da watanni. Tafin hannunta ya yi fari, ko zama ba ta iyawa sai an tallafe ta. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa ji ba.

Ina ta tunanin abin da Yaya za ta ce da ta ga yau. Firjin da ya tsaya ɗin ma sabo ne, mai lambobi masu haske, ya fi wanda ta sani nesa ba kusa ba. Na san za ta shafa shi ta yaba. Na kuma san ba za ta bar ɗakin ba sai ta ji muryarsa da kunnenta.

Me ya rage nata? Babu sunanta a bango, waɗanda suka yi mata dariya sun yi ritaya, ɗabi'arta kuma da ita muka binne ta. Abin da ya rage yana wurina ne, ni mai allura da zare, wanda ba shi da ikon taɓa komai a ɗakin nan sai roƙo. To, ina roƙon duk mai aiki da irin firjin nan, don girman Allah, kada ya jira ƙararrawa ta kira shi, ya riƙa gwada ta da kansa. Allah Ya jiƙan Yaya Hajara, Ya haskaka kabarinta.

An ce mini an gyara, kuma ba ni da yadda zan yi sai in yarda. Gobe da safe Iliya, kawun Ummi, zai bar gonarsa ya taso daga ƙauye ya miƙa hannunsa. Jininsa ma a firjin nan za a sa. Bayan shi, ba mu da wani.