Zagorka da Aikin Zaman Gida

Duk garinmu babu wanda bai san tafiyar Zagorka ba: ƙwas, sai jan ƙafa, ƙwas, sai jan ƙafa. Shekara ashirin da biyu ta yi a masaƙa tana kula da injina huɗu ita kaɗai, har ranar da bas ɗin ma'aikata ya zame a kan ƙanƙara a bakin gadar Morava, ya tafi da ƙafarta ta hagu daga gwiwa. Likitoci uku suka zauna bayan tebur, suka ƙwanƙwasa gwiwar da ta rage, suka yanka mata kuɗin nakasa, aka ba ta ƙafar roba. Masaƙar ma ba ta daɗe ba ta bi ƙafar, aka rufe ta.

Shekara tara tana zaune a gida. Ta wanke labulen da bai yi datti ba. Ta saƙa wa mijinta Milun safa har ya tambaye ta ko ta ɗauka shi shanshani ne. Abin da ke cin ta guda ɗaya ne: hannayenta lafiyarsu ƙalau, amma ba wanda ke neman su. Ƙarfe biyar na safe idonta zai buɗe kamar da, ta ji matan unguwa suna wucewa zuwa aiki suna hira, ita kuwa sai kallon rufin ɗaki.

Sai aka yi doka cewa duk kamfanin da ma'aikatansa suka kai ashirin dole ya ɗauki mai nakasa. A ofishin neman aiki aka ajiye tebur musamman don irinsu Zagorka, aka zaunar da wata yarinya Tiyana, mai jan farce da zuciya mai kyau. Tiyana ta ce sai an yi kwas tukuna. Mako uku wani malami mai ɗaure da wuya yana koya musu yadda ake shiga ofis, yadda ake kallon mutum a ido, yadda ake miƙa hannu a gaisa.

"'Yar nan," in ji Zagorka, "shekara hamsin da huɗu ina gaisawa da mutane, ashe duk ba daidai nake yi ba?"

"Inna Zagorka, ki daure. In babu takardar kwas, sunanki ba zai shiga layi ba."

Ta daure. Wata bakwai tana jira, sai ga waya a farkon kakar tattasai: masana'antar Obren mai yin ayvar, wato miyar gasasshen tattasai ta kwalba, na neman mutum ɗaya. Zagorka ta kusa rawa da ƙafar robarta. A ɓare gasasshen tattasai, a cire 'ya'yan, a zaune ma ake yi! Tun tana 'yar shekara bakwai take yin wannan a tsakar gidan kakarta. Ta wanke kai, ta goge rigar zuwa coci, ta ciro daga gwangwanin biskit littafin aikinta, wanda ake miƙa wa duk wanda ya ɗauki mutum aiki, shekara tara ba a buga masa hatimi ba.

Obren, wanda yanzu kowa ke ce wa Gazda, wato Maigida, saboda ya yi tumbi da mota, a tsakar masana'anta ya tare ta. Ƙamshin gasasshen tattasai ya cika wurin, mata na ta shewa a ciki. Ya karɓi littafin, ya aika da shi ofishinsa da ke sama, ya ce:

"Shi ke nan, Inna Zaga, an ɗauke ki. Ki koma gida ki huta. Albashi zai riƙa iske ki har ɗaki."

"In koma ina?"

"Gida mana. Daɓen ciki santsi ne da shi, ga matakala goma sha tara zuwa ɗakin canza kaya. In kika faɗi wa zai ɗauki laifin? Ni littafinki kawai nake buƙata, don doka."

"Obren, ni na share maka majina a rumfar ƙwan uwarka. Aiki na zo nema, ba sadaka ba."

Ya yi dariya, ya sa aka ba ta kwalbar ayvar biyu, ya shige motarsa.

Milun da ya ji labari sai da ya zuba wa kansa ɗan kofin giya da rana tsaka. "Ke matar nan, kin san mutum nawa ke roƙon Allah irin wannan aikin? Ni shekara arba'in ina neman sa!"

"Ai ka same shi tun ranar aurenmu," ta ce, ta ɗauki sandarta ta nufi ofis.

Tiyana ta danna na'urarta, ta juyo da fuskar tausayi. "Inna, a nan an rubuta kina aiki. Mai aiki ba a nema masa aiki. Muddin littafinki na wurinsa, hannuna a ɗaure yake."

"To zo ki ga aikin da nake yi. Jiya ƙudan taga na ƙirga."

"Ke ce ta farko a teburina da ta samu wuri. Har a taro an ambace ki."

Tun daga ranar, kullum ƙarfe shida Zagorka na bakin ƙofar masana'anta sanye da rigar cocinta. Mai gadi ya ce an hana ta shiga, sai ta zo da kujerarta ta zauna a waje. Matan ciki in sun fito shan kofi su kan zolaye ta: "Shugaba, yau ma duba mu kika zo?" Ita kuma ta ce, "Na zo in ga yadda kuke barin rabin tattasai a jikin ɓawo." Mako biyar ana haka, har tattasai ya fara ƙarewa a gonaki.

Wata Talata da safe Obren da kansa ya fito a guje, gumi har wuya. Masu duba ma'aikata na tafe daga babban birni, kuma sun ce suna son ganin mai nakasar da idonsu. Nan da nan santsin daɓe ya warke. Aka sa mata farar riga da hula, aka zaunar da ita a bakin tebur na gaba, aka ajiye mata daro cike da tattasai mai zafi.

Ba ta ma ga shigowar baƙin ba. Yatsunta suka tuna da kansu: a kama gindi, a ja ɓawo sau ɗaya, a tsaga, a share 'ya'ya da babban yatsa, a jefa. Hayaƙi na shiga idonta, matar da ke gefenta na ba ta labarin surukarta, wata ta ɗauko waƙa suka amsa. Kafin azahar ta gama daro uku, na kusa da ita suna kan na biyu. Baƙin suka ɗauki hotonta, suka yaba wa Gazda, suka karɓi kwalabensu suka tafi.

Motarsu ba ta gama fita ba sakatariya ta zo karɓar farar rigar. "Gazda ya ce an gode, gobe ki huta."

Zagorka ta tuɓe rigar ta ninke ta da kyau. Sannan ta nufi matakalar nan goma sha tara. Ƙwas, ja, ƙwas, ja, duk masana'anta an yi tsit ana ji. Ta tura ƙofar ofis ba sallama.

"Daro uku, Obren. Ka gani da idonka. Gobe in zo?"

"Inna, yau daban ce. Ki gane mana."

"To ba ni littafina."

"Kin san in kin karɓa albashi ya tsaya? Kuma gobe-gobe zan samu wani gurgun da zai gode min."

"Samo shi. Nawa littafin ba ya kwana inda ni ba na wuni."

Ya ciro shi daga aljihun tebur, ƙarƙashin takardun mota, ya buga hatimin sallama har tebur ya girgiza.

Milun ya yi kwana huɗu ba ya mata magana, a na biyar yunwa ta sasanta su. Ran Litinin ta koma wurin Tiyana ta ajiye littafin. Yarinyar ta duba na'ura, sannan ta ce da ƙaramar murya, wanda ya bar aiki da kansa sai ya koma ƙarshen layi, takardar kwas ɗinta kuma wa'adinta ya ƙare, sai an sake.

Yanzu haka Zagorka na zaune a aji ɗin nan, kujera ta biyu daga taga, baƙin gasasshen tattasai bai gama fita daga ƙarƙashin farcenta ba. Shekaranjiya malamin mai ɗaure da wuya ya ce ta taso ta gwada gaisuwa a gaban kowa. Ta taso, ta kalle shi a ido kamar yadda ya koyar, ta kama hannunsa ta matse har ya ɗaga dunduniya.

"Malam," ta ce, "in ka san mai neman irin wannan hannun, ka faɗa masa ina nan."