Riƙon Antan a Kan Katanga

Ƙauyenmu yana bayan Gesheme, inda rezo, wato sabis ɗin waya, bai san da zamanmu ba. Da ciwon Inna ya yi tsanani, abu guda take nema, ta ga fuskar autanta. Shi kuwa ƙanen nawa yana Aljeriya ba takardu, in ya taso ba tabbas ya iso. Sai na hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi, na aro antan ɗin satelit wajen wani abokina, ɗan ƙarami kamar tiren shayi, da batir da igiyarsa. Ya nuna mini yadda ake saita shi ta waya, ya ce, "Sarari kawai yake so, kada komai ya tare masa sama."

Na dawo ina taƙama. Na ɗaga waya na zagaya da ita sama yadda aka koya mini: inda ke buɗe ya fito shuɗi, inda aka tare ya fito ja. Tsakar gidanmu ja wur! Tsamiyar nan ce ta rufe ko'ina. Tsamiyar kuwa ta aljana Doguwa ce tun kakanni, ba a karya mata ko tsinke. Ni mai salla ne, haushi ya ɗebe ni na ɗauko gatari. Daga cikin ɗaki, matar da ko ruwa ba ta iya haɗiyewa ta ce, "Ka taɓa reshe guda, ban yahe ma ba." Na aje gatari.

A bakin gona antan yana kamawa garau, amma wifi ba ya isowa ɗaki, ginin ƙasa ya shanye shi. Na shiga saiti na koma layin da ke tafiya nesa, na bar mai sauri, duk a banza. Muka gwada ɗaga Inna zuwa amalanke, ta yi wata ƙara da har yau ba na son tunawa. Wallahi ranar na zagi na'ura, na zagi kaina.

Wuri guda ya rage, kusurwar katanga ta arewa, inda tsamiyar ba ta rufe ba, daidai inda igiyar ta ƙare. Kan katangar kamar bayan kunkuru yake, antan ba ya zama, kuma in ya karkata kaɗan sai ya koma neman satelit, a yi ta jira. To, me ya rage? Na hau, na zauna kamar mai hawan jaki, na riƙe shi da hannu biyu. Ƙanwata ta shiga ɗaki da wayar, ta kira auta ta bidiyo.

Ya kama. Na ji muryar auta, na ji Inna tana dariya, tana yi masa tsiya wai ya tara gemu kamar bunsuru. Rana tana gasa mini ƙeya, kafaɗuna suna rawa. Samarin unguwa suka taru ƙasa, "Malam, a taimaka da kod ɗin wifi mana!" Na ce ku ɓace mini da gani. Ina jin daɗi, ina kuma jin kishi, don ni na yi jinya, ga shi ni ke waje.

Can dariyar ta tsaya. Sai na ji auta yana maimaita kalmar shahada da ƙarfi, yana cewa, "Inna, ki faɗa, ki bi ni." Ƙanwata ta leƙo ƙofa tana kuka.

"Yaya, ka sauko! Tana tafiya, ka sauko!"

Na zuro ƙafa guda. Antan ya motsa, sai muryar auta ta fito daga wayar da ke hannunta, tana yankewa: "Yaya, don Allah, kada ka yanke ni."

Na maida ƙafata. Na ce wa ƙanwata ta koma ta riƙe mata hannu, ta juya wayar yadda zai gan ta. Daga kan katangar na ji salatin mata ya tashi, ban saki ba.